Ranar da na kusa ɓarke lafiyayyar kyamara saboda f/11

Yau labarin kuskurena zan ba ku.

Wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki ya kawo min duron ɗinsa shago, DJI Mavic 2 Pro. Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan fata a Kurmi ne ya ba shi aikin hoton talla daga sama. Ya ɗauka da tsakar rana, amma da ya jawo hoton kusa sai ya ga komai dishi-dishi: rufin kwano ya haɗe, lungunan kasuwar ba sa fita tar. Mai kaya ya ce shi fa ba zai biya ba.

Ni kuwa mai gyaran waya ne, da na ji "hoto ba ya fita" sai hankalina ya tafi kan gilashi. Na goge, na duba ko ƙura ta shiga, har na ce masa, "Mutumina, sai dai a canza kyamarar." Wallahi har na ɗauko sukundireba. Allah ya taimake ni na fara buɗe bayanan hoton, sai ga f/11.

Ka san a cikin kyamara akwai ƙofar haske, ita ce lambar da ke bayan harafin f. Ƙaramar lamba, ƙofa a buɗe. Babbar lamba, ƙofa a tsuke. A wannan duron daga f/2.8 take zuwa f/11. Ƙyallin kwanon Kurmi ne ya dame shi, shi ne ya tsuke ta har ƙarshe. To idan ƙofar ta ƙanƙance da yawa, haske yakan watse wajen wucewa, sai hoton ya yi laushi. Kuma daga sama komai nesa yake da kai, ba ka buƙatar tsukewa don gaba da baya su fita tare.

Washegari da safe muka koma. Muka sa f/4, ISO 100, muka ƙara saurin ƙiftawar kyamara don rage hasken. Har layin kwano ana ƙirgawa! Mai kaya ya biya.

Don haka ka tsaya tsakanin f/4 da f/5.6. In bidiyo ne kuma rana ta yi yawa, sa gilashin ND, tamkar baƙin tabarau ne. In DJI Mini 2 gare ka, ƙofarsa a f/2.8 take, ba ta motsi, haka ma yawancin wayoyinmu. Ranar da hazo ya sauka kuwa, babu saitin da zai cece ka. Sannan a Najeriya sai da izinin NCAA ake tashin duron, balle a kan kasuwa mai cunkoso.

Tun ranar, ba na kwance komai sai na duba saiti. Allah ya sa mu dace.