Ƙyauren Kabad Ya Kai Mu Kurfi

'Yan mata, duk wadda ta ce muku gyaran gida wasa ne, ba ta taɓa yi ba. Mijin yayata ya sayi gida a Dutsin-Ma, garin da ya cika da baƙi tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Kicin ɗin ya yi wa Yaya kaɗan, aka fasa bango aka ƙara. Nan fa rigima ta taso. Tsohon kabad na madaci ne, shekaru da hayaƙi sun rina shi ya yi duhu, sabon da aka kafa masa a gefe kuwa fayau, kamar ba gida ɗaya ba. Ga tarewa saura kwana goma, ga dangin miji masu ido!

Ranar Laraba muka zaga kasuwar Dutsin-Ma, a nan muka ji cewa kafintan da ya yi tsohon yana Kurfi. Muka cire ƙyaure ɗaya, muka hau motar Katsina, ni ce mai rungume da shi, fasinja sai kallona suke.

A garin Kurfi muka iske dattijon a rumfarsa. Ya shafa katakon ya ce, "'Ya'yana, sabon katako ba ya kamo tsoho. A kankare duka biyun, a shafa musu mai launi ɗaya, a canza mariƙan gaba ɗaya."

Ran jere, wallahi har uwar miji sai da ta tambayi wanne ne sabon.