Muryar Tsofaffinmu: Mono Ko Sitiriyo?

Da wuya ka shiga tsohon gida a zango, ko a Nima ta Accra ko a Aboabo ta Kumasi, ba ka tarar da kwalin tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado ba. A ciki akwai wa'azi, da karatun Mauludi, da waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya, da kuma saƙonnin murya da 'yan'uwa suka riƙa aikowa daga Makka ko Libiya zamanin da buga waya yake da tsada. Da yawa daga masu muryoyin nan sun riga mu gidan gaskiya. Na jima ina juye wa dangi da maƙwabta irin waɗannan kaset zuwa kwamfuta, kuma na lura cewa abin da ya fi lalata aikin wani ɗan zaɓi ne da ake rainawa, wato mono ko sitiriyo.

Bari in yi wa mai karatu bayani a taƙaice. Mono sauti ne mai hanya ɗaya, ko lasifika nawa ka jona abu ɗaya za su faɗa. Sitiriyo kuwa hanya biyu ce, ta hagu da ta dama, dabarar da wani injiniyan Ingila mai suna Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931. Amfaninta shi ne ka ji ganga ta wannan gefe, kakaki ta wancan. To amma iyayenmu galibi da ƙaramar rakoda mai makirfo ɗaya suka yi ɗauka. Baki ɗaya, makirfo ɗaya, don haka sautin mono ne tun asali, ko da kwamfuta ta nuna maka layi biyu.

Ni da Audacity nake aiki, manhajar da ake samu kyauta tun shekarar 2000. Duk da abin da na faɗa, a sitiriyo nake fara juye kaset, in adana wannan kwafi a matsayin WAV, ba na taɓa shi kuma. Sannan in ɗauki wani kwafi, in raba layukan biyu, in saurari kowane shi kaɗai. Dalili kuwa, a jikin zaren kaset hanyar hagu ce take bakin gefe, inda zare yake fara lanƙwashewa da tsufa, ta dama kuwa tana wajen tsakiya. Sau da yawa sai ka ji ta hagu tana yankewa, ta dama garau. Wadda ta fi lafiya nake ɗauka in mayar da ita mono.

Wani zai ce, me zai hana a haɗe su biyun kawai? Haɗewa tana da kyau in sun yi daidai da juna. Amma in kan rakodar da ke karanta zare ya ɗan karkace, ɗaya za ta riga ɗaya da ɗan ƙiris, sai siraran sautuka su cinye juna, ka ji malam kamar yana magana cikin bargo. Akwai ma wadda ta fi wannan muni. Wata gwaggona ta kai kaset ɗin marigayi mijinta wani shago a kasuwa aka juye mata. Mai shago ya sa mata abin saurare a kunnuwa biyu, ta ji murya, ta biya. Da ta dawo gida ta kunna a lasifikar wayarta, sai shuuu kawai take ji. Ta kira ni tana cewa, "Ɗan nan, zo ka ji, Alhaji ya yi shiru." Da na buɗe fayil ɗin sai na ga igiyar da aka yi aiki da ita ta kifar da hanya ɗaya: inda ta hagu ta hau, ta dama ta sauka. Waya mai lasifika ɗaya tana haɗe su, sai su shafe juna. Allah ya sa a sitiriyo aka ba ta. Na raba, na ajiye ɗaya, murya ta dawo. Da mai shagon ya haɗe su kafin ya adana, ita kuma ta zubar da kaset, to da shi ke nan.

Mono kuma yana rage nauyi. Minti ɗaya na sitiriyo mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10, mono rabin haka. Kaset mai minti 90 ke nan wajen megabait 900 ko 450. Wanda zan tura wa dangi ta WhatsApp, MP3 na mono nake yi, ya ishi magana, kuma ko da kunne ɗaya mutum ya saƙala abin saurare zai ji komai. Waƙar da aka ɗauka a situdiyo da sitiriyo na gaske kuwa, yadda take nake barin ta.

Don haka jama'a, in za ku kai kaset a juye muku, ku nemi kwafin sitiriyo na asali, ku saurara a lasifikar waya tun kuna shagon, kuma kada ku zubar da kaset. Ku ajiye shi inda babu zafi da laima. Jikokinmu da yawa Turanci da Twi sun fi Hausa ƙarfi a bakinsu, wataƙila a nan ne kaɗai za su ji yadda kakanninsu suke furta ta. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.