Ƙauyen da Ya Kama Bakinsa: Kundin Karatu

Asabar

Littafin da ƙungiyarmu ta karatu ta zaɓa a wannan karon daga Jamus ya zo: Snow White Must Die na Nele Neuhaus. Ya fito da Jamusanci a 2010, Steven T. Murray ya mayar da shi Turanci, aka buga a 2013. Na buɗe shi bayan Isha'i, barci kuwa ya ƙaurace mini.

Tobias Sartorius ya fito daga gidan yari bayan shekara 10. An ɗaure shi ne bisa kisan 'yan mata biyu masu shekara 17, Laura da Stefanie, alhali ko gawa ɗaya ba a gani ba, shi kuma a buge yake a daren, bai tuna komai. Ya koma ƙauyensu Altenhain, kusa da Frankfurt, ya tarar gidan abincin mahaifinsa a rufe, tarkace ya cika tsakar gida, auren iyayensa ya mutu. Duk zaman da ya yi a tsare sun ɓoye masa, don kada su ƙara masa nauyi. Nan zuciyata ta karye.

Lahadi

An gano ƙasusuwan mutum a cikin tsohon tankin mai a filin jirgin soja da aka daina amfani da shi a Eschborn. An kuma ingizo mahaifiyar Tobias daga kan gada ta faɗo cikin motoci. 'Yan sanda biyu, Pia Kirchhoff da Oliver von Bodenstein, suka shiga ƙauyen da hoton wanda ake zargi da ingizo ta. Kowa ya kalla, kowa ya gane fuskar, kowa ya ce bai san shi ba.

Litinin

Ƙorafi ya fara shigowa. Ƙanwata ta kira tun da safe: "Yaya, sunayen nan sun sha mini kai. Terlinden, Lauterbach, Wagner, Richter, ban san wa ke auren wa ba." Dattijon ƙungiyarmu, tsohon malamin makaranta, ya nuna mini bangon littafinsa ta ciki: ya zana kowane gida da fensir, ya ja layi daga mai bashi zuwa wanda ake bi, daga mai aiki zuwa ubangidansa. Layukan da yawa a ƙofar attajirin garin, Claudius Terlinden, suka tsaya.

Na daɗe ina duban zanen nan. Ni ban ɗauki yawan mutanen a matsayin aibi ba. Marubuciyar tana so ta nuna yadda gari guda ke haɗa baki ya binne gaskiya, kuma hakan ba ya yiwuwa da mutum huɗu ko biyar. Sai ka san wanda ke cin abinci a hannun wa, da wadda ke kare ɗanta, da wanda ke tsoron a tona nasa, kafin ka gane dalilin da ya sa aka zuba ido yaro ya tafi kurkuku. Na ce wa ƙanwata ta daure, ta yi irin zanen Malam.

Talata

Yau rigimar auren Bodenstein da matarsa Cosima ce ta cinye shafuka. Wata abokiyarmu ta ce ita ba ruwanta da kishin ɗan sanda, a koma kan bincike. Tana da gaskiyarta. Wannan shi ne na huɗu a jerin littattafan, amma shi aka fara fassarawa zuwa Turanci, don haka mai karatu a Jamus ya san gidan tun tuni, mu kuwa an jefa mu tsakiyar faɗan da ba mu ga farkonsa ba.

Laraba

Malam ya tambaye ni ko Altenhain ƙirƙira ce. Garin gaske ne, a ƙarƙashin Bad Soden, cikin tuddan Taunus inda Neuhaus take zaune. Haka Jamusawa suke son labarin kisa, a kafa shi a wurin da za su iya nunawa da yatsa. Jacques Berndorf ya yi nasa a yankin Eifel, Klüpfel da Kobr suka ajiye ɗan sandansu Kluftinger a Allgäu. Shirin Tatort, da tashar ARD ke nunawa daren Lahadi tun 1970, shi ma gari gari yake bi, kowane birni da masu bincikensa. Ita Neuhaus da kuɗin aljihunta ta buga littattafanta na farko kafin babban kamfani ya ɗauke ta.

Alhamis

Na gama da asuba. Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce Amelie, yarinyar da aka turo daga Berlin, mai baƙaƙen kaya da ƙarafa a fuska, tana aikin kai abinci. Baƙuwa ce, ba ta cin albarkacin kowa, shi ya sa ta iya tambayar da 'yan gari suka kasa. Sai Thies, wanda ake yi wa kallon maras hankali, alhali abin da ya gani da idonsa yana cikin zanensa.

Ƙarshen dai ya yi tsawo. Asiri na tonuwa, wani na biye da shi, har mai karatu ya gaji da mamaki. Da an rage, da ya fi shiga jiki.

Juma'a

Mun haɗu bayan La'asar, ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce mugunta ta yi yawa ga ƙauye ɗaya, ba zai yiwu kusan kowa ya zama da hannu ba. Ƙanwata, wadda ta so ajiye littafin ranar Litinin, ita ce ta tsaya kai da fata tana kare shi. Ta ce duk wanda ya taɓa ganin an rufa wa ɗan babban gida asiri, an bar ɗan talaka da abin kunya, ba zai ce an yi ƙari ba. Na tuna musu cewa littafin ya yi kasuwa ƙwarai a Koriya ta Kudu, har tashar MBC ta mayar da shi wasan kwaikwayo a 2024, ta ɗauke labarin kacokan ta kai shi wani gari na can.

Nawa hukuncin shi ne littafin ya cancanci wahalar da ke cikinsa. Wanda zai karanta ya tanadi fensir da takarda, kuma kada ya ajiye shi kafin Amelie ta fara tambayoyinta.