KASUWAR DARE A ƘAUYUKAN AREWA DA KANO

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwa masu karatu labarin wata kasuwa da ba ta da rumfa ko ɗaya, ba ta kuma cikin littafin harajin kowa, watau kasuwar dare ta ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano.

Wanda ya bar Kano ya nufi Ungogo, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, ba zai ga daji ba. Gona ce ta jingina da gona, gida yana hangen gida, ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye cikin dawa da gero, kowace bishiya kuwa da mai ita. Ba a barin ƙasa ta huta, taki ne ke riƙe da ita. Wani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya buga bincike a kan wannan yanki a 1965, ya nuna yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki. Mutanen da su ka cika ƙasa haka, gonakinsu kuma ƙanana, ba kowa ne hatsinsa ke kai shi shekara ba. Tilas a haɗa da sana'a, tilas kuma a yi ta saye kaɗan kaɗan.

To, manyan kasuwanni suna nan. Dambatta tana ci ran Lahadi, Dawanau kuwa da ke hanyar Katsina buhu a ke magana a cikinta, da mota. Amma mai neman gwangwanin gero ɗaya da daddawa ƙwaya biyu me zai kai shi Dawanau? Kuɗin mota kaɗai ya fi abin da zai saya, balle tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Kasuwarsa ita ce wadda ke ci a ƙofar gidansa kowane dare, ba ta jiran wata rana.

Da an sallame Magariba za ka ga an fara taruwa a dandali, ko ƙofar gidan mai unguwa, ko mararraba. Mahauci ya hura wuta ya kafa tsirensa kewaye da ita. Mai shayi ya jera kofuna. Mai rake ya tsaya da wuƙarsa, manomin fadama ya kasa tumatir da albasa da su ka rage masa, gara ya sayar da araha da su kwana su lalace. Dā fitilar acibalbal a ke kunnawa, hayaƙi ya cika ido; yanzu fitilu masu caji da hasken rana sun kore ta, har akwai mai sana'ar yi wa mutane cajin waya a gefe. Ba sarkin kasuwa, ba dillali, ba la'ada.

Amma mafi yawan kayan kasuwar nan daga hannun waɗanda ba su zuwa cikinta su ke fitowa. Matan aure da ke cikin kulle su ne su ka soya ƙosai, su ka matse gyaɗa su ka fid da mai da ƙuliƙuli, su ka dafa ɗan wake, su ka kwaɗa zogale, su ka dama fura. 'Yan mata da tsofaffi ne ke fito da su. Mace tana zaune a ɗakinta ta san abin da a ke sayad da mudun wake a daren nan, ta san wadda ƙosanta ya ƙare da wuri da wadda nata ya yi kwantai. Da ribar nan ta ke zubin adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Na san akwai masu cewa talla ita ce ke hana yara mata karatu, ni ma ban ce ƙarya su ke yi ba, yarinyar da ta kai tsakar dare a waje ba ta da abin da za ta tsinta a aji da safe sai gyangyaɗi. Sai dai a tuna, wanda zai hana tallar nan sai ya fara nuna wa uwar wata ƙofa da za ta fid da kayanta.

Ciniki kuwa rabin abin da ke kai mutane ne. A nan a ke jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya kwanta ciwo, a nan mai gona ke neman 'yan ƙwadago na gobe, a nan a ke sa ranar gayya. Wanda ya komo daga cin rani ya ba da labarin Legas, dattawa su yi ta gardamar ko ruwan nan ya isa shuka. Saurayi ya sayi abin da ba ya bukata don dai ya tsaya gaban farantin wadda ya ke so. Kai, har bashi ma a nan ya ke da daraja! A farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira kuɗi su ka ɓace daga hannun jama'a, mutumin da aka san gidansa aka san ubansa ya kan ci abinci a ce ya kawo in ya samu, abin da baƙo a birni bai isa ya roƙa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne birni yana tahowa. Wata Baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Ɗorayi ta fid da littafinta a 1977, a lokacin kuwa manoma ne ke zaune can cikin gonakinsu. Yau wa zai kira Ɗorayi ƙauye? Haka a ke ta yanka gonakin Ungogo fuloti fuloti. Gona dai tana da mai ita, in ya sayar ya karɓi kuɗinsa. Dandali fa? Shi ba takarda gare shi ba, na kowa ne, don haka ba mai tsaya masa. Na san wani ƙauye da aka wayi gari aka ga bulo a jibge a inda masu ƙosai ke zama, yanzu a bakin kwalta su ke kasa kaya, babura suna wucewa ta gefen yara cikin duhu.

Tun da dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a filayen karkara, ina roƙonsu, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su auna dandalin kowane ƙauye tun kafin mai saye ya iso, a kafa masa duwatsun iyaka, a rubuta shi da sunan jama'ar garin. In da hali a ƙara da fitila ɗaya mai hasken rana a tsakiya.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Minjibir.