Amanar Murya

A shekararta ta ƙarshe a jami'a, wata ɗaliba mai nazarin harshe ta zaɓi yin kundinta a kan kalmomin Barbarci da suka zauna a Hausar Damagaram. Zaɓin yana da tushe, domin gidan sarautar nan ya daɗe yana kai gaisuwa Barno, kuma sarautu irin su galadima da ciroma da kacalla daga can sunayensu suka zo. Littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19 ya ba ta tarihin. Abin da ya rage shi ne ta ji kalmomin a bakin masu su.

Aka haɗa ta da wata tsohuwa a Birni. Bayan gaisuwa ta ajiye salula a kan tabarma ta ce, "Iya, zan ɗauki muryarki don karatu." Tsohuwa ta ce, "Ɗauki, ƴar nan, Allah ya ba da sa'a."

Hira ta yi daɗi. Da aka zo kan kalmar kacalla, Iya ta ɗan yi shiru, sannan ta ba da labarin kakanta da aka kamo yana yaro a zamanin Sarki Tanimun. Ta faɗi sunansa, da garin da aka kamo shi, da gidan da ya yi bauta. Kafin su rabu kuma ta ambaci cewa an fara neman auren jikarta.

Wannan labari na minti 12 shi ya fi ko'ina yawan kalmomin da ɗalibar take nema. Al'adar irin wannan kundi kuwa ita ce a liƙa hirar a ƙarshe, da sunan mai magana da shekarunsa da unguwarsa. Daga nan kundi ya bi hannun malamai, ya shiga ɗakin karatu, wataƙila ya hau intanet. Ita kuma ta san yadda dangin ango suke binciken asali, ta kuma san abin da kalmar bauta take yi wa aure har yau.

Da ta kai wa malaminta zancen, tambaya ɗaya ya yi mata: "Iya ta san inda muryarta za ta je?" Ya tuna mata cewa Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Murya da suna da asali duk bayanai ne da ba a sarrafa su sai da yardar mai su, yardar da aka bayar bisa sani. Iya dai ta yarda a ɗauka. Ba wanda ya gaya mata za a adana, balle a yaɗa.

Ɗalibar ta koma Birni, ta kunna mata muryar, ta bayyana mata duk hannuwan da kundin zai bi. Iya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kalmomin ki ɗauka, na kowa ne. Labarin kuwa ke na ba, ban ba makaranta ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

A daren nan ta goge minti 12 ɗin daga salula, da kwafin da ke cikin kwamfuta. Ta bar jimlolin da ba su nuna kowa ba, ta rubuta a gefensu: mace, tsohuwa, Damagaram. Misalai 7 ta rasa, har da wanda ta fi ji da shi.

Ranar kare kundi wani malami ya tambaye ta dalilin da babi na 3 ya rame. Ta ce akwai abin da mai magana ba ta yarda a fitar ba. Ya so ya ji ko mene ne. Ta ce, "Malam, a gafarce ni, amana ce." Ya dube ta, ya juya shafi, ya wuce zuwa tambaya ta gaba.