Maƙwabcina da ba ya bikin Kirsimeti



Ƴan'uwa, maganar haƙƙin maƙwabci da aka yi a karatun da ya gabata ta tuno mini da wani abu da ya same ni a Maraɗi, ran da na gane cewa shekara goma ina katanga ɗaya da mutum ban san shi ba.

Kafinta ne, Kirista. Na ba shi aikin ƙofa, na kuma ƙudurta cewa ranar 25 ga Disamba ba zan nufi wurinsa ba, tunda ranar idinsu ce. Da hantsi, cikin sanyin hunturu, sai na ji ƙarar zarto daga rumfarsa. Na leƙa na tarar da shi cikin kayan aiki, garin katako har gira. Can gaba kuwa, a gidan ƙanensa, an ɗora tukunyar shinkafa, yara sun sha sabon ɗinki. Ba zan ɓoye muku ba, abu biyu suka zo mini: ko sun yi faɗa da ƙanen, ko kuma ya fara barin addininsa. Na biyun har ya yi mini daɗi.

Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ina nan inda ka san ni. Littafinmu bai faɗi ranar haihuwar Almasihu ba, bai kuma umarce mu da bikinta ba. Ni zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ta ƙanena ta kwanta."

Na ce, "To, wane ne a kan daidai?" Ya ce wannan ba tambayar da aka ɗora masa ba ce.

Abin da yake nufi suna kiransa ƴancin lamiri. Tushensa a wurinsu shi ne babi na 14 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda jama'ar ta rabu kan abinci da kuma girmama wasu ranaku. Bulus bai raba gardamar da cewa ga mai gaskiya a kan ranakun ba. Ya hana kowane ɓangare raina ɗan'uwansa ko yanke masa hukunci, ya bar hisabin kowa tsakaninsa da Ubangijinsa. Ya ƙara da wani sharaɗi mai nauyi, cewa kada mai ƴancin ya yi amfani da shi ta hanyar da za ta jefa raunanan cikinsu a tuntuɓe.

Daga baya na bi tarihin, na ga ashe tsohuwar magana ce. Wajen shekara ta 155, Polikab, dattijon ikilisiyar Simirna, wato Izmir ta Turkiyya a yau, ya je Roma ya gana da shugabanta Anisetus. Mutanen Polikab suna idin Ista ran 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta faɗo, mutanen Roma kuwa sai Lahadi. Suka tattauna, babu wanda ya janyo wani, amma Anisetus ya gabatar da baƙonsa ya jagoranci ibada, suka rabu lafiya. Ba a cika shekara hamsin ba wani shugaban Roma, Biktor, ya tashi zai yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya kan wannan sabanin dai, sai da Ireniyus na Liyon ya rubuta masa yana tuna masa da abin da magabatansa suka yi.

Kirsimeti ita ma baya ta zo. Shaidar farko ta yin ta ran 25 ga Disamba a Roma ta shekarar 336 ce, kuma har yau Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha ran 7 ga Janairu suke yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu ƙin bikin suka yi da mulki ya zo hannunsu. A 1647 majalisar Ingila ta soke shi, aka nemi tilasta wa mutane buɗe kantuna a ranar, har tarzoma ta tashi a Kantabari. A Masacusets ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, tarar sule biyar ake cin wanda aka kama yana biki. Mutanen da suka yi hijira don a bar su da lamirinsu, su ne suka hana wasu nasu.

Kada kuma a ɗauka duk Kirista ya yarda da wannan sassaucin. Ƴancin yana aiki ne a abin da ba a umarta ba, ba a kuma hana ba, kuma rigimar duka tana kan abin da ya shiga wannan gurbi. Shaidun Jehobah suna ganin bikin haramun ne kai tsaye, don haka a wurinsu babu zancen zaɓi. Na san wasunku Mauludi ya faɗo musu a rai, kamar yadda ya faɗo mini. Usulinmu daban ne, hukuncinsa na malamai ne, ba zan auna shi da ma'aunin wasu ba. Abin da na sani kawai shi ne a danginmu akwai wa da ƙane da suka yi shekara biyu ba sa gaisawa a kansa.

Ina zaune a rumfar sai babbar ɗiyarsa ta zo ta durƙusa, ta ce, "Baba, zan tafi gidan baffa." Na zuba masa ido, don a nan ne za a gane ko maganar ta baki ce. Ya ɗan jima yana shafa katako, na ga abin bai yi masa daɗi ba. Sannan ya ce ta tsaya, ya shiga gida ya kamo zakara ya miƙa mata, ya ce ta gaishe su.

Da la'asar ƙanen ya aiko da kwanon shinkafa. Ya wanke hannu ya ci a nan bakin rumfa, ya koma kan ƙofata, ya ce in aiko yara su ɗauka bayan magariba.

Wassalamu alaikum.