Babur, Gora da Ƙugiya: Hutunmu a Bakin Tafkin Ebrié



Mutumin Adjamé yakan wuni cikin hayaniyar gbaka da ƙurar kasuwa, na Treichville kuwa tsakanin layuka masu lamba da ƙarar motocin tashar jiragen ruwa, har dukkansu su manta cewa garin da suke zaune a cikinsa ruwa ne ya kewaye shi. Tafkin Ebrié ya miƙe kusan kilomita 130, daga wajen Grand-Bassam ya nufi yamma har ya wuce Dabou. Muna ƙetare shi safe da yamma a kan gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, ko ta De Gaulle ta 1967, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tsoma hannu a cikinsa. Mu, ƙaramin gungun samari da magidanta na unguwannin nan biyu, mun mai da ziyarar bakin ruwan nan al'adar ranar Lahadi. Kayanmu ba su wuce babur, da sandar gora, da zare, da ƙugiya ba.

Wasu dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, suna ganin wannan zaman banza ne. A ganinsu su sana'ar Sarkawa ce, wanda ya gada shi ke yi, kuma magidancin da ya bar rumfarsa ya je ya tsuguna yana jiran kifi ɗaya, lallai akwai abin da ke damunsa. Muna girmama maganarsu. Sai dai su sun taso a garuruwan da mutum ke fita ƙofar gari ya tarar da fadama da gona. Mu kuwa a nan aka haife mu, inda sararin da ya fi kusa da mu shi ne ruwa. Ba mu shiga sana'ar kowa ba. Mai koma da mai birgi da mai mamari suna neman abincin iyalinsu ne, mu kuwa fatsa muke yi, kifi uku ko huɗu sun ishe mu, ranar da ba a samu ba ma a dawo da fara'a.

Ƙarancin kayan nan da gangan ne. A ƙasar Japan akwai tsohuwar hanyar kamun kifi ta mutanen duwatsu da ake kira tenkara: doguwar sanda, da zare ɗaure a bakinta, da ƙugiya wadda aka naɗa wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro, babu ƙarfen naɗe zare, babu jakar kaya. A 2009 aka fara tallata ta a Amurka, har ta zama abin yayi ga masu kuɗi. Da labarin ya iso mana sai muka yi murmushi, domin yaron Argungu ko na Gaya bai taɓa sanin wata fatsa ba in ba wannan ba, illa dai shi tana yake saƙalawa. Mun gwada naɗa gashin zabo a ƙugiya da baƙin zaren tela. A ruwa mai daɗi, mai haske, kamar na tafkin Aghien bayan Bingerville, ƙananan kifayen da ke farautar ƙwari sukan kawo masa cafka da sassafe. A ruwa mai gishiri kuwa, kifin da ake kira machoiron a kasuwa ba ya ko kallonsa, shi a ƙasa yake kiwo, sai tana ko ɗan jatan lande. Sandar gora guda biyu ce ake harhaɗawa, a ɗaure ta a gefen babur, ƙugiyoyi kuma a kwalin ashana.

Babur shi ne rabin daɗin tafiyar, kuma shi ne rabin fargabar iyalanmu. Fargabar tana da dalili. Wanda ya tashi a gidan liman ya san yawan gawarwakin samari da ake kawowa ƙofar masallaci bayan haɗarin moto, musamman tun da baburan Sin masu araha suka cika ƙasar nan bayan rikicin 2002. Saboda haka muka ɗora wa kanmu sharuɗɗa: babu mai hawa sai da hular kwano, mutum biyu ne iyaka a kan babur, kuma magariba a gida za ta same mu. Bayan sallar asuba muke tashi, titi fayau, mu ƙetare gada, mu wuce Port-Bouët, mu bi tsohuwar hanyar Bassam mai itatuwan kwakwa, iskar teku tana dukan ƙirji. Tafiyar ba ta wuce kilomita 40 ba, don haka ba ta kai nisan ƙasaru ba, sallarmu cikakkiya muke yi.

To, me zai kai mu Bassam alhali ruwa yana bayan gidajenmu? A nan ne karatun zaure ya yi mana rana. Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwa a mazhabar Imamu Malik: idan najasa ta sauya launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, bai halatta a yi alwala da shi ba. Gishirin teku ba ya hana tsarki, haka ma laka da gansakukar da ruwa ke zaune a kansu. Sai muka riƙe wannan ya zama ma'auninmu: inda ba za mu iya alwala ba, ba za mu jefa ƙugiya ba. Da wannan ma'auni gaɓar Cocody ta fita, ta Biétry ta fita, bakin ruwan Treichville ma haka. Magudanan unguwanni, har da namu na Adjamé, a can suke amayar da abin da ke cikinsu, da leda, da baƙin mai, da abin da ladabi ya hana a ambata. Ba mu manta da watan Agusta na 2006 ba, lokacin da aka zubar da dattin guba na jirgin Probo Koala a sassan Abijan, mutane suka mutu, dubbai suka cika asibitoci. Wancan baƙi ne suka kawo shi a dare ɗaya. Wannan kuwa daga hannunmu yake fitowa kullum, har da kwatamin da ke bayan mahauta da na ƙofar wasu masallatai. Kifi halal ne ba tare da yanka ba, babu saɓani a kan haka a wurinmu, amma halaccinsa bai wajabta mana ciyar da 'ya'yanmu abin da ya yi kiwo a kwata ba.

Zaman bakin ruwa yana koyar da abin da ba a gani daga kan gada. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, ruwan teku ke shiga tafkin ta nan, shi ya sa yake cikowa yana janyewa, kuma gishirinsa ke ƙaruwa da rani. Idan damina ta kankama kogin Comoé ya kawo ruwa, sai gishiri ya ja baya, kainuwa ta rufe gaɓa, kifin ma ya sauya. A Moossou, kusa da inda kogin ke haɗuwa da tafkin, mukan ga wannan sauyi da idonmu.

Akwai kuma ladabin baƙunta. Kowace gaɓa tana da masu ita, Ebrié ne ko Abouré, kuma suna da ranakun da al'adarsu ta hana shiga ruwa. Ba mu bin aƙidarsu, amma muna kiyaye haƙƙinsu. Mukan fara da gaisuwa, mu nuna sandunanmu don a ga ba taru muka kawo ba, in an ce yau babu, sai mu shimfiɗa tabarma mu sha shayi. Abin da ya faru a Ayamé a 1998, inda aka kori masunta 'yan Mali daga tafkin, ya isa tunatarwa ga duk baƙon da ke riƙe da ƙugiya.

Bana mun fara ɗaukar yaran da suka kai shekara 12, ɗaya-ɗaya, da izinin iyayensu mata, kowa da hularsa. Masu son 'ya'yansu su bi mu sai su same mu bayan sallar Juma'a. Gora da ƙugiya muna da su, hular kwano ce kawai uba zai saya.